Kurege Mai Koya Wa Fara Iyo

Ga ta nan tafe, ku matso kusa.

Wata shekara yunwa ta kama Kurege har haƙarƙarinsa ya fito. Ga karfasa fal a rafin gindin dutse, amma ba sa kula tana, sai farar da ta faɗo kan ruwa. Fara kuwa shi da kansa ya cinye ta tas. Kwaɗayi dai!

Sai ya nufi wurin Zabuwa. "Yaya, wannan sanƙo naki ai gashin baya ne ke shanye masa abinci. Kawo in rage miki." Ta juya, ya fige son ransa. Har yau tana jiran suma.

Ya ɗaura gashin a fatsa, ya yi masa ƙafafu da fiffike, sak fara. Ya wurga kan ruwa, yana ɗan girgiza zaren. Caraf! Karfasa ta haɗiye.

"Ni ne Kurege, mai ciyar da kifi gashi in ci nama!"

Da gari ya waye, Kada mai rafin ya ɗago kai. "Kai ƙaramin ɓarawo, me kake jefawa a ruwana?"

"Ranka ya daɗe, wace sata? Fara nake koya wa iyo. In ta ƙware ta yi ƙiba, ai taka ce."

Kada ya lashe baki ya nutse. Kurege ya ci har cikinsa ya yi tulu.

Da gari ya sake wayewa, ya hango giwan ruwa a gurbi mai zurfi, ransa ya biya. Babban kifi sai babbar fara, in ji shi. Ya shafe jikinsa da ƙaro, ya manne sauran gashin, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya faɗa ruwa yana rawar fara.

Kada ya buɗe ido. "Allah Sarki, ɗalibar Malam ta yi ƙiba!"

Gaf! Ya kama wutsiya.

"Wayyo! Malamin ne, ba ɗalibar ba!"

"To, Malam ya fi maiƙo," in ji Kada, baki cike.

Kurege ya fizge da ƙyar, ya bar rabin wutsiya, ya haye dutse yana ɗingishi, gashin zabo na zuba. Da ya ga ya yi nisa, ya waiwayo yana haki.

"Riƙe wannan, kafin alƙalami ne! Gobe tsalle zan koya wa kifinka!"

Nan ta tsaya, kowa ya duba wutsiyarsa.