Sarkin Marina da Kadangare Mai Gyaɗa Kai

Masu ba da labari sun ce a wani gari mai ganuwa, tun zamanin da dabbobi ba su gaji da yi wa mutane magana ba, an yi wani Sarkin Marina ana ce da shi Korau. Ba mugu ba ne, sai dai Allah ya yi shi da son a yarda da maganarsa kamar yadda wasu ke son nama. A cikin marinan da ke ƙarƙashinsa babu wanda ya gano wannan lago kamar Jibo. Kullum da hantsi sai ya zo da farin goro ya durƙusa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, maganarka ta jiya har tuwo ta hana ni ci don daɗi." Saboda haka aka ba shi rijiyar rini ta gindin tsamiya, inda inuwa ba ta gushewa, ana miƙa masa 'yan ƙyallaye.

Mati kuwa, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, rijiyarsa tana tsakiyar rana, kuma duk turamen da fatake suka kawo shi ake jibga wa. Wannan bai ishi Jibo ba. Ya laƙaba masa suna Kunkuru, yana kwaikwayon tafiyarsa a gaban masu kawo kaya, in an yi dariya Korau ya taya. In rini ya yi kyau, shawarar Jibo ce. In ya ɓaci, aikin Kunkuru ne. Mati ya rame, ya koma ɗaure kai da tsumma saboda ciwon kai, a gida har 'ya'yansa suka daina tararsa a ƙofa don yawan faɗa. Ranar da abin ya kai shi maƙura ya ce, "Jibo, sunana Mati, rago ubana ya yanka ya raɗa mini." Kafin la'asar maganar ta isa kunnen Korau ta yi ƙiba, wai Mati ya zagi sarauta.

Korau ya cika ya batse, ya koma bayan rumfa ya zauna. A katangar wurin akwai wani tsohon kadangare jan gwada da yake matuƙar ƙauna, don duk abin da ya faɗa sai ya gyaɗa masa kai. Ya ce, "Gobe zan karɓe rijiyar Mati, ya je ya nemi abincin iyalinsa a wani wuri. Ko ban yi daidai ba?" Kadangare ya gyaɗa kai. Korau ya ce, "Madalla, kai ma ka gani."

Sai kadangare ya ce, "Ranka ya daɗe, ni gyaɗa kai halittata ce. Jiya shaho ya ce zai cinye ni, shi ma na gyaɗa masa. In ra'ayina kake so, ina jin tsoron abin da ya sami Sarkin Noma Tanko ya same ka."

Korau ya ce, "Me ya sami Tanko?"

Kadangare ya ce:

Tanko yana da gona mai faɗi a gindi da tsini a sama, kamar bakin garma. In aka zo noma, ɗan gaban goshinsa Cindo yake ba gajerun kunyoyin wajen tsini, sauran ma'aikata su kama dogayen. Cindo ya riga kowa gamawa, ya hau tudu yana fifita da hula yana yi musu ature, Tanko yana cewa, "Ku dubi namiji!" Shi ake fara miƙa wa ƙwaryar fura. Wata rana wani mai suna Dogo, wanda kunyarsa ta fi ta kowa tsawo, ya zube a tsakiyar gona don gajiya, Tanko ya rantse sai ya kore shi. Gwaggon Tanko, wadda ta kawo fura, ta ajiye ƙwarya ta ce, "Kai ɗan nan, ka taɓa jin labarin Hansai da dutsen murhu?" Ya ce, "Ban ji ba, Gwaggo." Ta ce:

"Hansai ta je rafi ta tsinto wani farin dutse mai santsi, ta mayar da shi na uku a murhunta. Sai ta ji tausayinsa, kada hayaƙi ya ɓata shi. Kullum ta ɗan ja shi baya, ta tura wuta wajen tsofaffin biyun, da safe ta goge shi da bakin zane tana yaba masa. Ranar da surukanta suka zo, ta ɗora babbar tukunya, ɗaya daga cikin tsofaffin ya tsage don azabar wuta, tukunya ta karkace. Hansai ta zage shi tas, ta yi jifa da shi bayan danga, ta jawo ɗan lelen nata cikin wuta. Dutsen rafi kuwa ruwa ne a cikinsa. Yana jin zafi ya fashe, tau! Miya ta bi ƙasa, surukai suka ci gaya suna kallon kaza tana tsattsagar nama. To kai ma, ɗan nan, kafin ka jefar da mai tsaga, ka fara gwada mai santsin a wuta."

Tanko ya ce wannan zancen mata ne, ya kori Dogo. Sauran suka ga abin da doguwar kunya ke jawo wa mutum, suka saɓa fartanya ɗaya bayan ɗaya. Aka bar shi da Cindo. Ya sa shi a gindin gona, bai kai rabin kunya ba ya ce ƙaya ta soke shi, washegari ya ce kakarsa ta rasu, wadda aka binne tun bara. Ciyawa ta cinye gona, a shekarar nan Sarkin Noma da kansa ya ci hatsin aro.

Kadangare ya ce, "Ranka ya daɗe, Tanko dai yana da uzuri, don ƙasar gona da ruwa ake wanke ta daga hannu, ba a gane wanda ya yi aiki. Shuni kuwa ba ya wankuwa da wuri. Ka je ka ce marina su nuna maka hannuwansu."

Korau ya tashi ba don yana so ba, ya tara marina, ya ce kowa ya miƙo hannu. Na Mati baƙi ƙirin har gwiwa, farce duk ya cinye. Jibo ya yi ta noƙe-noƙe, da ƙyar ya zaro nasa daga aljihu, fari sol, ban da jan goro a yatsa biyu. Ya yi maza ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ai irin hannunka ne da ni."

Korau ya dubi tafin hannunsa, ya ga ashe da gaske ne, kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Ya naɗe hannun riga, ya nufi rijiyar tsakar rana, ya tsoma hannu cikin shuni har kafaɗa, ya ɗago turmin da ke ciki, nauyinsa ya kusa jan shi ciki.

Ya ce, "Mati, na zalunce ka, ka yafe mini. Koma gindin tsamiya ka kwance tsumman nan. Jibo, zo kama mini ɗaya bakin, daga yau nan ne wurinka. Wanda na ƙara ji ya ce Kunkuru kuwa, shi zai bar marinar nan."

Jibo ya zo yana ɗingishi, wai tun safe ƙafarsa ke ciwo. Korau ya waiga wajen katanga ya ce, "Yanzu fa, na yi daidai?" Kadangare ya gyaɗa kai. Korau ya yi dariya ya ce, "A'a, na daina karɓar wannan. Da baki za ka faɗa."