Waƙar Renon da Aka Kai Gidan Biki

An yi wani mutum a nan Tarauni, ya 'yan uwa. Ba zan kama sunansa ba, don iyalinsa suna nan da rai. Mawaƙi ne irin na situdiyo. Murya kam Allah ya ba shi, amma kan ya bushe, ba basirar ƙago waƙa. Ya daɗe yana zirga-zirga a Gyaɗi-Gyaɗi, ba waƙarsa ɗaya da ta tsallaka titi.

A gidan haya yake. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da na wata baiwar Allah mai suna Uwani, wadda ta baro ƙauye don ta zauna kusa da asibiti, tana jinyar ɗanta Faruk mai ciwon sikila. In ciwon ya motsa, yaron ba ya lafawa sai ta goya shi tana yi masa wata waƙar reno da ita ta ƙaga da bakinta. Kari ne mai sanyi, ya hau a hankali, ya sauko kamar ajiyar zuciya. Mutumin nan yana kwance da rana yana ji ta bango, har ya haddace.

Allah ya karɓi ran yaron. Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba, mutumin ya nufi situdiyo, ya rera wa mai kiɗansa Kabiru karin nan. Kabiru ya ɗaga hannu daga fiyano ya ce, "Oga, a ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Da shi na kwana, da shi na tashi."

Suka ƙara masa sauri, suka ɗora masa baitocin amarya da ango. Waƙa ta fita, gari ya ɗauka. Gidan biki ita, shagon caji ita, a-daidaita-sahu daga Hotoro zuwa Unguwar Gano ita.

Ku fahimce ni. Masu wannan sana'a suna cewa kiɗa hanyar kasuwa ce, kowa na bi, wannan ya ari salon wancan. To, aro an san shi. Amma wanda ya ɗauka bai tambaya ba, aka tambaye shi ya musa, wane suna za mu ba shi?

Uwani ta je ta same shi a ƙofar situdiyo, cikin yaransa. Ta ce, "Malam, ba kuɗinka nake so ba. Da wannan karin na rufe idon ɗana. Yanzu ko a-daidaita na shiga sai in ji ana rawa da shi. Ka janye, don Allah."

Da ya ce ta yi haƙuri, da an wuce wurin. Amma ya dubi idon mutane, ya ce, "Maman Faruk, kari ba shi da uba. Wallahi tallahi daga kaina ya fito."

Ta dube shi ta ce, "Na bar ka da Allah." Ba a jima ba ta kwashe kayanta ta bar gari, don zaman Kano ya gagare ta.

Daga nan ne abin ya fara. Ya zauna zai yi sabuwar waƙa, duk karin da ya ɗauko, kafin ya kai ƙarshen baiti ya karkata ya koma na Uwani. Ya sake, haka. Kabiru ya canza kiɗa har ya gaji. Mutane suka ce ai waƙa ɗaya gare shi, masu biki suka koma wajen wasu.

Wannan duk mai sauƙi ne. Da kuɗin waƙar ya sayi gida, bangonsa ba ya haɗe da na kowa, amma in ya kwanta da rana sai ya ji ana rerawa a hankali, ba da saurin da suka sa ba, yadda yake ji ta bango. Ya tayar da sallah, karin na kunnensa. Ya kai ga bai san raka'a nawa ya yi ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Sai a lokacin ya nemi janye waƙar. Ta ina? Tana cikin wayar kowa. Ya koma gidan haya neman Uwani don ta yafe masa. Aka ce wani ƙauye take ta wajen Rano, ba wanda ya riƙe sunan. Ya bi, ya yi ta tambaya. Da ya samu gidan, aka nuna masa hanyar maƙabarta.

Ciwo ya kwantar da shi. Ranar da abin ya yi tsanani, Kabiru yana kansa a asibiti, yana laƙƙana masa kalmar shahada: "Oga, ka ce La'ilaha illallah." Leɓensa ya motsa. Kabiru ya kai kunne yana murna. Abin da ya ji, waƙar reno ce, ta hau a hankali, ta sauko. Kabiru ya sake laƙƙana masa, mutumin ya sake rerawa. A kanta numfashin ya yanke.

Ya 'yan uwa, ban ce muku ga makomarsa ba, wannan sanin Allah ne. Amma wa yake son ya cika a haka? Laifin da ke tsakaninka da Ubangiji, ka tuba ya yafe. Haƙƙin ɗan Adam kuwa sai mai shi ya yafe, kuma mai shi ba zai zauna jiranka ba. Ba sai abin da ake sawa a aljihu ne sata ba. Duk wanda ya san yana cin abinci da basirar wani, ya kuma rantse a kai, ya tashi ya neme shi yau, tun ana nuna masa ƙofar gida.

Allah ya raba mu da haƙƙin bayinsa, ya sa kalmar shahada ta zama ƙarshen maganarmu. Allah ya kiyaye mu, amin.