Ranar Da Aka Ce Ezekiel Ya Koma Ado

Akwai wani bawan Allah mai suna Ezekiel, mutumin Kagoro, da ke buga tafireta a wata ma'aikata kusa da GRA a Katsina. Shekara bakwai ya yi yana aikin wucin gadi, ko takwas ne, ƙidayar ta kwance mini. Abin da na riƙe dai, a shekarar da soja suka koma bariki ne aka ce za a tabbatar da irinsu a aiki.

Jerin sunayen yana hannun wani akawu, Malam Yari. Mutum ne da in Ezekiel ya sha ruwa da moɗar randar ofis, sai ya sa a wanke ta sau uku a gabansa. 'Yan'uwansa Musulmi sun sha yi masa faɗa kan wannan ƙazamar ɗabi'a, bai daina ba.

Ran nan Yari ya kira shi, ya turo masa fom da bakin biro. Ya ce sababbin shugabanni ba za su sa hannu kan suna irin nasa ba, ya rubuta Ado kawai ya huta.

"Ga Bulus nan, tun makon jiya ya zama Audu. Mutuwa ya yi?"

Bulus ɗan cocinsu ne, shi ke jan waƙa ran Lahadi. Yana gefe yana dariya, har da cewa, "Ɗan'uwa, tawada ce fa kawai." Ezekiel ya dube shi, ya kawar da kai.

Amma yana da 'ya'ya huɗu a Ƙofar Sauri, kuma wanda ba a tabbatar ba, sallama ce. Ya kai fom gida. Matarsa Saratu ba ta ce ya yi ba, ba ta ce ya bari ba, ta ce su durƙusa. Kwana uku suna roƙon Ubangiji ya nuna musu hanya, shiru.

Da safiyar rana ta huɗu ya ɗauki biro, ya riga ya karaya. Sai idonsa ya faɗa kan layi na biyu, inda ake sa sunan uba. Marigayi mahaifinsa mai bishara ne, ya ƙare rayuwarsa yana bin ƙauyuka da ƙafa. Ashe shi ma sai an raɗa masa sabon suna yana kabari. Nan Ezekiel ya gane amsar addu'arsu ta iso. Ya rubuta sunansa da na ubansa ɓaro-ɓaro.

Yari ya karanta, ya yi tsaki, ya jefa fom ɗin cikin aljihun tebur. Jeri ya fito babu Ezekiel. Bulus ma ya daina amsa gaisuwarsa a ofis, sai a ƙofar coci.

Kafin a sallame shi, gwamnati ta turo kwamitin tantancewa, wata Hajiya Rahama ce shugaba. Ta ce kowa ya zo da takardunsa na makaranta. Audu ya shigo da takardun Bulus. Ta tambaye shi wanne ne ma'aikacin a cikinsu, Audu ko Bulus.

Da aka matsa bincike, ta bayyana babu shugaban da ya taɓa zancen suna. Ƙiyayyar Yari ce kurum. Aka kori Bulus, aka dakatar da Yari, aka buɗe aljihun teburinsa, sai ga fom ɗin Ezekiel.

Hajiya ta sa aka kira mai tafireta. Ta karanta sunan a hankali.

"E-ze-kiel. Haka ake faɗinsa, Malam?"

"Haka ne, Hajiya."

Ta sa hannu.

Darasi: Duk wanda ya ce sai ka ɓoye bangaskiyarka zai ba ka abinci, ba shi ke ciyarwa ba. In an matsa maka, ka durƙusa ka jira, Allah yakan ba da amsa ko a kan layin takarda. Ku tura labarin nan ga wanda ake takura wa yau, ya san ba shi kaɗai ba ne.