Sarki da Hayaƙin Tasalla

An ce wani sarki ya zauna shari'a ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, ƙarfe tara da kwata na safe, a shekara ta uku da damina ta fara makara a ƙasarsa. Tafki ya ja da baya, gero yana bushewa tun bai fid da kai ba, in kuwa ruwan ya zo, sai ya zo a fusace ya tafi da katangu. Masana suka gaya masa hayaƙin da mutane ke turawa sama ne ya taru kamar bargo, ya riƙe zafin rana, ya rikita lokutan ruwa.

Sarki ya ce a nemo mai hayaƙin. Waziri ya leƙa ta taga, hayaƙin da ya fara gani shi ne na Tasalla, wata tsohuwa mai gasa tukwane a bayan ganuwa. Aka kawo ta, aka yanke a rushe ramin gashinta kafin azahar.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sau ɗaya nake hura wuta a mako, da kara da kashin shanu. Gonata ce ma ta fara ƙonewa."

A bakin zaure akwai Jatau, tsohon mai haƙar rijiya, rataye da igiyar guga. Kowace shekara, da ruwan rijiya ya ƙara nisa, yakan ƙara mata tsawon gaba guda ya ƙulla, yanzu ƙulli goma sha tara ke nan. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, in gobara ta kama rumbu da akurki, wanne ake fara kai wa ruwa?"

Sarki ya ce, "Rumbu mana."

"To, a kashe wutar garin nan daga babba zuwa ƙarama. In an iso kan Tasalla, ni zan ɗauki diga."

Sarki ya yarda a gaban jama'a. Dogarai suka zaga gari, suka dawo suna jan ƙafa. Babban hayaƙi, in ji su, na janareto uku ne na fada, da motocin sarki goma sha biyu, da gawayin da ake ƙonawa a dajin sarki. Magana ta riga ta fita, aka kashe janareton. Fanka ta tsaya, injin sanyi ya yi shiru, fadawa suka soma zamewa ɗaya-ɗaya.

Da rawani ya jiƙe sharkaf, sarki ya ce, "Ashe ni ne babban mai laifin duniya?"

Jatau ya ce, "Kada sarki ya ɗaukaka kansa haka. A ƙetaren teku akwai ƙasashen da ke ƙona kwal da mai tun kakan kakanka bai yi gemu ba. Naka kusa da nasu, kamar na Tasalla ne kusa da naka. Hayaƙi kuwa ba ya tsayawa a kan iyaka."

Sarki ya hasala. "Su da wuta, mu da ƙuna? Wannan zalunci ne."

"Abin da Tasalla ta faɗa ke nan da safe, ya sarki. Sai dai ita ba ta da rawani."

Sarki ya daɗe yana duban ƙullin igiyar nan. Sa'an nan ya ce a bar wa tsohuwa raminta, a hana sare daji, a rage motoci su koma biyu, a kuma rubuta wa sarakunan ƙetare takarda. Ya ce, "Mai neman adalci wurin wanda ya fi shi, ya fara yi wa wanda bai kai shi ba."

Tasalla ta ce, "In aiko wa sarki randa? Tana sanyaya ruwa, ba ta shan mai."

Ruwa dai bai zo da wuri ba a shekarar, Jatau ma ya yi ƙulli na ashirin. Amma ran nan, da aka kira azahar, waɗanda suka rage a zauren su ne sarki, da Jatau da igiyarsa, da Tasalla, da wani dogari da barci ya kwashe a tsaye. Waziri ya ce zai je ya duba wani abu, har yau ana jiransa.