Muntaka da Mashin Ɓarar Gyaɗa

Akwai wani mutum a Matameye mai suna Muntaka, a zamanin da Faransawa ba su daɗe da kama ƙasa ba. Allah ya ba shi sanin irin gyaɗa. In ya kaɗa kwanso kusa da kunnensa, ya murza ƙwaya ɗaya ya sansana, zai gaya maka ko za ta tsiro ko ba za ta tsiro ba. Daga Tsauni har Icirnawa ake kawo masa iri kafin damina.

Sai wani kamfanin Turawa ya kawo mashin ɓarar gyaɗa, irin wanda ake juyawa da hannu, mai rariya da ke ware manya da ƙanana. Aka ɗora Muntaka a kansa. Aikin da mata goma ke wuni suna yi, kafin azahar ya gama.

Tun daga nan ya daina taɓa gyaɗa. Abin da rariya ta ce babba ne, shi ne mai kyau. Shekara huɗu a haka.

Wata rana Inna Baiwa, wata tsohuwa daga Dungu da ke riƙon jikoki uku, ta zo da irinta a ƙwarya.

"Muntaka, duba mini da hannunka kamar da. Rumbuna ya yi yoyo bara, hankalina bai kwanta ba."

Ya yi dariya. "Inna, wannan zamanin ya wuce. Zuba a mashin."

Mashin ya fitar da ƙwayoyi manya masu sheƙi. Ya ce mata, "Kin gani? Je ki shuka."

Ta shuka da ruwan farko. Kwana goma sha biyu, gonar maƙwabta ta yi kore, tata ƙasa ce kawai. Danshi ya riga ya kashe irin tun a rumbu, rariya kuwa girma kaɗai ta sani.

Bayan 'yan makonni, ranar kasuwa, Inna Baiwa ta zo rumfarsa, mutane cike. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance bakin zanenta, ta zuba gyaɗa kashi biyu a kan tabarma.

"Ɗaya ragowar irina ne, ɗaya na maƙwabcina da ya tsiro. Nuna mini nawa, ɗana."

Muntaka ya durƙusa. Ya murza, ya sansana, ya sake murzawa. Yatsunsa ba su gaya masa kome ba. Daga ƙarshe ya nuna na dama, ya ce shi ne matacce.

"Wannan shi ne mai rai," in ji ta.

Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi masa ciwo. Lawwali, wani manomi da ya daɗe yana yabonsa a gari, ya sunkuyar da kai ya bar wurin. Muntaka ya kasa ɗaga ido.

Washegari ya ɗora buhun irinsa na gida a kan jaki ya nufi Dungu. Ya tarar lokacin gyaɗa ya wuce, ta riga ta zuba wake a gonar. Ya tsaya bakin ƙofa, ya kasa yin sallama sai da ta gan shi.

"Inna, na cuce ki. Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma bana jikokina ba za su ga kunun gyaɗa ba."

Ya sauke buhun, ya karɓi hauya, ya bi ta gona. Duk noman wannan damina shi ya yi mata.

Darasi: Na'ura mataimakiya ce, amma kada ka miƙa mata idonka da hankalinka. Basirar da aka ajiye tana mutuwa, kuma wanda ya amince da kai ne zai fara shan wahalar. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu aiki da na'ura.