Yunana Biyu a Ruga Ɗaya

Akwai wani manomi, sunansa Yunana, yana da shanun huɗa guda biyu, Fari da Goje. Kowace shekara in an gama girbi, sai ya kai su ruga wurin wani makiyayi, Jauro Sambo, su yi rani a can. Al'adar wurin kuwa ita ce, ranar da ka kai shanu sai a fasa sakaina gida biyu, makiyayi ya riƙe rabi, kai ma ka riƙe rabi. In damina ta zo, wanda ya kawo rabin da ya dace, shi ake ba shanu.

Yunana mutumin kirki ne, sai dai akwai shi da surutu. Rabin sakainarsa ma a bakin zaure ya rataye ta, wai don kada ya manta inda take.

Ran nan, bayan an yi ruwan farko, wani baƙo ya tsaya neman ruwan sha. Yunana ya ba shi ruwa, ya ƙara masa da tuwo. Baƙon ya ce, "Kai, Baba, gonar nan taka ce? Da me kake nome ta haka?"

Shi ke nan, an taɓo wa Yunana inda yake so. Ya faɗi sunan shanun, da kamanninsu, da rugar da suke. Ya faɗi sunan mahaifinsa da unguwarsu. Har ya ƙara da cewa bana Jauro ya yi kudu da babban garke, matarsa Inna Dudu ce a rugar, ita kuwa ba ta taɓa ganin fuskar Yunana ba.

Da baƙon ya tafi, Rahila matar Yunana ta leƙo ta ce, "Maigida, sunan kakarka kaɗai ya rage ba ka gaya masa ba."

Yunana ya ce, "Ai na gaya masa."

Kashegari da safe ya kai hannu zai ɗauki sakaina, sai igiya kawai. Ga ƙasa ta jiƙe, ga maƙwabta sun fara huɗa, in shanun nan suka tafi, bana ba noma a gidansa. Ko hula bai tsaya sawa ba, ya kama hanyar ruga da gudu.

Da ya isa, ya tarar da wata tsohuwa a zaune tana wanke ƙwarya. Ya ce, "Sannu Inna, ni ne Yunana, na zo ɗaukar shanuna."

Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Yunana? Ai ga Yunana can a kan tsamiya."

Ya ɗaga kai. Ga baƙon jiya maƙale a reshe, takalmi ɗaya a ƙafa, wani ƙaton bijimi yana tsaye a gindin itacen yana huci.

Inna Dudu ta ce, "Da sassafe ya zo da sakaina, ta dace kuwa. Ya faɗi sunan ubansa, ya faɗi sunan shanu. Na ce to madalla, tun da naka ne, shiga ka kamo su. Sai ya nufi wanda ya fi kowanne girma. Wannan kuwa na Jauro ne, ba ya son wasa."

Yunana ya ce, "Inna, ɓarawo ne! Ni ne ɗan Ishaku na Unguwar Rimi."

"Haka shi ma ya ce."

"Shanuna Fari da Goje!"

"Haka shi ma ya ce."

"Kakata sunanta Tabita!"

"Ɗana, har ita ya faɗa."

Yunana ya dafe kai. Duk abin da zai nuna cewa shi ne shi, da bakinsa ya riga ya bayar. Daga kan tsamiya baƙon ya yi ihu, "Inna, na bar masa sunan! A dai janye wannan!"

Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye. Ta ce wa Yunana, "To, kai ma shiga ka kamo su, mu gani."

Ya shiga garken. Bai ma buɗe baki ba, sai ga shanu biyu sun ratso sauran, sun zo suna goga kai a jikinsa, Goje har da lasar masa kunne. Yunana ya rungume wuyansu yana dariya yana cewa, "Na gode Allah! Na gode Allah!" Matasan rugar suka sauko da baƙon, suka kai shi wurin mai unguwa. Kafin rana ta yi tsaka, garma ta shiga gonar Yunana.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, Yunana mu ne. Sakainar nan ita ce katin shaidarmu, da lambar sirri, da 'yar lambar nan da ake turo mana a waya. Baƙon kuwa yanzu ba ya ma zuwa zaure. Kira yake yi, da murya mai daɗi, ya ce ka ci kyauta, ko ya ce shi ma'aikaci ne zai gyara maka layi, ka dai karanto masa lamba. Wani kuma hotonki zai ɗauka da sunanki, ya riƙa yi wa ƙawayenki magana kamar ke ce. Saboda haka kada mu rataye abinmu a bakin zaure. Kada mu ɗora hoton kati inda kowa zai gani, ko ranar haihuwa da sunan mama. Mu yi wa baƙo alheri, amma ba duk tambayarsa ce sai mun amsa ba.

Mu kuma zama kamar Inna Dudu. In saƙo ya zo da sunan yayanka, wai ka yi abu da sauri, tsaya tukuna. Kira shi ka ji muryarsa, ko ka tambayi na gida. Ba rashin kunya ba ne.

Abin murnar kuma shi ne, ɓarawo ya iya haddace sunanka, amma bai zama kai ba. Ubangiji da ya yi mu ya san kowannenmu, ba ya tambayar kati. A gabansa ba wanda zai tsaya ya ce shi ne kai. Amin.