Firizar Malam Tanimu Tela

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, tun firiza ba ta shiga kowane gida ba. Sunansa Malam Tanimu, tela ne. Ba mai hali ba ne, sai dai yana da wata tsohuwar firiza a ɗakin da yake guga, kuma duk unguwar ita kaɗai ce. Mata sukan aiko da nama ko miya a ajiye musu, shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba.

To, ku saurara. Akwai maƙwabciyarsa Hajiya Tabawa, mijinta ya tafi aikin Hajji, ana sa ran isowarsa ranar Alhamis. Kwana biyu ta yi a bakin murhu. Ta yi farfesun kaji, ta yi miyar taushe, ta yanka alayyafo da karas da koren wake ta ƙulla a leda. Ranar Asabar ta aika da komai gidan Malam Tanimu, da nufin ran Alhamis a fito da shi ya saki, a ɗumama, a tarbi baƙi.

Ranar Litinin Malam yana da ɗinkin da zai goge. Wurin jona wuta guda ne a ɗakin, sai ya zare wayar firizar ya jona dutsen guga. Bai gama ba aka yi sallama, aka ce an yi rasuwa, ana jira a yi jana'iza. Ya kashe dutsen, ya ja ƙofa ya fita. Bai mayar da wayar ba. Kuma bazara ce, jama'a, kun san zafin bazara.

Sai ran Laraba da hantsi ya koma ɗakin. Yana shiga ya ga wayar a yashe a ƙasa. Ya nufi firizar da sauri. Ya ɗaga murfin, maimakon sanyi sai ɗumi ya bugi fuskarsa. Ƙanƙara duk ta narke, ruwa ya kwanta a ƙasa. Alayyafon ya yi baƙi yana yauƙi. Murafan robobin miya sun kumbura. Ya buɗe guda, ya ji wani ɗan tsami, kaɗan ne, wanda yaji zai iya rufewa.

Matarsa Kande ta same shi a tsaye a gaban firizar. Ta leƙa, ta gane. Ta ja ƙofar ta yi ƙasa da murya, ta ce masa ya mayar da wayar yanzu, kafin gobe komai ya sake daskarewa kamar dutse. In aka tafasa sosai wa zai sani? Ta tuna masa irin bakin Hajiya Tabawa, ta tuna masa cewa rabin ɗinkinsa daga gidan yake fitowa.

Malam ya ce abincin da ya saki ya kwana biyu a zafi, sanyi ba ya gyara shi, ɓoye shi kawai yake yi. Ya ce a gidan akwai tsohuwar Alhaji, akwai mai ciki, akwai yara.

Kande ta ce, "To Malam, in dole sai ka faɗa, ka ce wuta aka ɗauke. Kullum ai ana ɗaukewa."

Ku lura da wannan. Ƙofa ta biyu ce aka buɗe masa, kuma ta fi ta farko sauƙi. Ba wanda zai cutu a cikinta, ƙarya ce kawai ƴar ƙarama. Malam ya dubi matarsa. Sannan ya ce, "Wuta tana nan, Kande. Ni na zare."

Ya sa hula ya nufi gidan Hajiya. Tun daga zaure yake jin daka da dariyar mata. Sau biyu ya yi kamar ya juya. Ya yi sallama, Hajiya ta fito da fara'a, ta zaci ɗinki ya kawo. Ya durƙusa ya gaya mata komai, bai rage ba.

Fara'ar ta ɓace. Ta ce, "Malam Tanimu, ba dai wuta aka ɗauke ba?"

Ya ce, "A'a Hajiya, sakacina ne. Kada a ba kowa abincin nan."

Abin da ta gaya masa a gaban mata ba zan maimaita shi a nan ba. Yana durƙushe, bai ɗaga kai ba. Da ta gama ya koma gida, ya haƙa rami ya binne abincin don kada wani ya tsinta. Ya kama kajin gidansa guda uku, su ke nan gare shi, ya yanka ya aika. Wunin nan shi ne faskare, shi ne ɗiban ruwa, matan unguwa kuma suka taru aka sake girki. Alhaji ya iso, baƙi suka ci, kowa ya koma gida lafiya.

Kada ku jira in ce muku ya yi arziki. Bai yi ba. Hajiya ta janye ɗinkinta, ta fi shekara ba ta amsa gaisuwarsa. Ya haƙura.

Wannan ita ce amana, ƴan'uwa: ka faɗi gaskiya a inda ba wanda ya gan ka sai Allah, ko da a kanka za ta faɗo. Yau firiza tana gidajenmu. Ke da kika ji miya ta canza kika ƙara yaji kika zuba wa yara, ki ji tsoron Allah. Kai mai sayar da kaji da kifi, da suka narke ka sake daskararwa ka jera wa mutane, ka ji tsoron Allah. Ni da ku, sau nawa muka ɗora wa wuta, ko hanya, ko wani, laifin da hannunmu ya yi? Kowa ya koma gida ya duba abin da aka ba shi ajiya. Allah Ya ba mu ikon cewa ni ne na yi.